Sabar ta ƙi mutuwa a lokacin da aka sa mata: ta ina za a fara bincike?

Tambaya: "Ina kula da sabobi biyu a wurin aiki, ɗaya Windows Server, ɗaya Ubuntu. Na tsara su kashe kansu ƙarfe 11 na dare kullum, amma da safe sai in tarar da su a kunne, wani lokaci ɗaya, wani lokaci duka biyun. Idan na buga umarnin da hannuna nan take suke mutuwa. Me ke kawo haka?"

Malam, tarar da sabar a kunne da safe bai isa ya faɗa maka abin da ya faru da dare ba. Mai yiwuwa ƙarfe 11 ta yi ba a ba da umarnin ba sam. Mai yiwuwa an ba da shi aka hana shi wucewa. Ko kuma an karɓa, sabar ta kama hanyar mutuwa ta maƙale a tsakiya. Akwai ma wadda ta mutu sarai, can cikin dare wani abu ya sake kunna ta. Da safe duk kamarsu ɗaya, fitila na ci, fanka na juyawa, amma maganinsu bai haɗu ba ko kusa. Shi ya sa nake roƙon ka kada ka fara da goge aikin kashewar da ka tsara ka sake ƙirƙirar sabo, abin da kusan kowa ke fara yi. Sau da yawa sabon yana fitowa da irin kuskuren tsohon, kuma lambar sakamakon da tsohon ke riƙe da ita ta tafi.

Fara da tambaya mai sauƙi: da safen nan, mutane suna iya shiga sabar su yi aiki? Idan ba sa iyawa, alhali tana kunne, to ta maƙale ne a tsakiyar mutuwa, sabis-sabis ɗinta sun tsaya amma wutar ba ta yanke ba. Idan kuwa aiki take lafiya lau, duba yaushe ta tashi. A Ubuntu ka buga `uptime -s`. A Windows ka buga `systeminfo | find "System Boot Time"`. Ka ga kwanan wata na makon jiya? Ba ta mutu ba ko kaɗan. Ka ga ƙarfe 11:06 na daren jiya, ko 3 na asuba? Ta mutu ta dawo, kuma duk lokacin da za ka ɓata kan Task Scheduler ko cron, wato masu gudanar da aiki bisa jadawali a Windows da Ubuntu, asara ne, don sun yi aikinsu.

Sai kundin da na'ura ke rubuta abin da ya same ta, wanda muke kira log. A Windows buɗe Event Viewer, shiga System, ka tace da waɗannan lambobi: 1074, 1075, 6005, 6006, 6008, 41. Mafi amfani ita ce 1074. Ita ke nuna wani ya nemi a kashe na'ura, da sunan manhajar da ta nema, da asusun da aka yi amfani da shi, da kuma ko kashewa aka nema ko sake tashi. 6006 na nufin sabis ɗin log ya rufe cikin tsari, 6005 ya sake buɗewa, wato na'ura ta tashi. 6008 da 41 suna zuwa ne idan mutuwar da ta gabata ba ta tsari ba ce. Ita kuwa 1075 tana nuna an soke kashewar, kuma tana faɗin wanda ya soke. Kada ka raina wannan. Ma'aikaci ɗaya mai izini da ke son ƙarasa aikinsa da dare, ya ga sanarwar kashewa ya buga `shutdown /a`, ya isa ya sa ka yi mako kana lalube a duhu. A Ubuntu `last -x shutdown reboot` da `journalctl --list-boots` za su ba ka irin wannan jerin.

Tunda ka ce da hannu yana yi, zato na ya fi karkata ga dalilai biyu na farko, wato ba a ba da umarnin ba ko an hana shi wucewa, don haka a nan zan daɗe. Lokacin da ka buga umarni da hannu, kai ne ka buga, da asusunka, da izininka, a cikin tagar da ta san inda kowane fayil yake. Ƙarfe 11 na dare kuwa ba ka nan. Wani asusu ne ke bugawa, ko naka ne amma da guntun izini, ba allo, ba mai amsa "eh" idan an yi tambaya. Yawancin matsalolin wannan fanni daga wannan bambancin suke fitowa.

A Task Scheduler, abu na farko shi ne shafin History na aikin. A sabobi da yawa za ka same shi a kashe. Danna Enable All Tasks History a gefen dama, ka jira dare ɗaya. Kafin nan duba layin Last Run Result, ko ka buga `schtasks /query /tn "sunan aikin" /v /fo LIST`. Idan ka ga 0x41303, aikin bai taɓa gudana ba ko sau ɗaya. 0x41301 na nufin har yanzu yana kan gudana, kuma wannan alama ce mai muhimmanci, zan dawo kanta. 0x8007052E matsalar suna ko kalmar sirri ce. 0x80070569 kuma asusun ba shi da izinin irin wannan shiga, wato Log on as a batch job. 0x5 ko 0x80070005 an hana shi izini ne.

Ta kalmar sirri ita ce ke yawan kawo "da yana yi, yanzu ya daina". Ka ƙirƙiri aikin da asusunka, ka zaɓi Run whether user is logged on or not, Windows ya ajiye kalmar sirrinka ta ranar. Bayan wata uku dokar ofis ta tilasta ka canza ta, aikin kuwa yana nan riƙe da tsohuwar. Ba zai aiko maka da saƙo ba, shiru kawai zai yi. Idan kuma zaɓin da ke kai shi ne Run only when user is logged on, to aikin zai gudana ne a daren da ka manta ba ka fita daga asusunka ba, ya ƙi a daren da ka fita. Wannan ya dace da "wani lokaci" da ka ambata. A History za ka ga lamba 332 a irin wannan daren. Ni dai ra'ayina, aikin kashe na'ura da asusun SYSTEM ya kamata a yi shi. Ba shi da kalmar sirrin da za ta tsufa, ba ya jiran kowa ya shiga, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki aka rufe asusunsa ba abin da zai tsaya. Idan dole sai wani asusu, ka tabbata yana da izinin Shut down the system. A kwamfutar tebur kowane mai amfani yana da shi, amma a Windows Server an keɓe shi ga irin su Administrators da Backup Operators. Ka kuma sa alama a Run with highest privileges. Hanyar tabbatarwa ba tare da gardama ba: canza aikin na ɗan lokaci ya gudanar da `cmd /c whoami /priv > C:\Logs\izini.txt`, ka buɗe fayil ɗin ka nemi SeShutdownPrivilege. Idan yana cikin jerin, ko da an rubuta Disabled a gefensa, asusun yana da shi. Idan babu shi gaba ɗaya, ka gano matsalarka.

Daga nan shiga shafin Conditions, wanda mutane ke tsallakewa don suna ganin na laftof ne. Akwai zaɓin Start the task only if the computer is on AC power, kuma da alamarsa yake zuwa. Idan ka haɗa UPS da sabar ta kebul ɗin USB, Windows na iya ɗaukar sa a matsayin batirin na'ura. Daren da wuta ta ɗauke sabar na kan UPS, aikin ba zai tashi ba, wato a daidai daren da ka fi buƙatar ta mutu cikin tsari. Lambarsa a History 326 ce. Haka zaɓin jiran na'ura ta zauna ba aiki kafin a fara. Sabar da ke yin ajiyar bayanai da dare ba za ta taɓa zama ba aiki ba. Cire su duka biyun.

Yanzu batun 0x41301. Akwai wani tarko tsoho da har yau yake kama mutane. Mutum ya rubuta fayil ɗin batch, ya sa masa suna shutdown.bat, a ciki ya rubuta `shutdown /s /t 0`. Idan cmd na aiki a cikin foldar da fayil ɗin yake, zai fara neman "shutdown" a nan kafin ya duba System32, sai ya tarar da fayil ɗin kansa. Ya kira kansa, ya sake kiran kansa, ba iyaka. Aikin zai yi ta nuna yana gudana, gobe ƙarfe 11 ta yi Task Scheduler ya ce ai na jiya bai gama ba, ya ƙi tayar da sabo, ya rubuta lamba 322. Irin wannan maƙalewar na faruwa kuma idan akwai `pause` a cikin fayil ɗin, ko wani umarni da ke jiran amsa daga mutumin da ba ya nan. Canza sunan, ka rubuta cikakkiyar hanyar shutdown.exe. Idan fayil ɗin yana kan faifan netwok mai harafi, kamar Z:, ka sani harafin na zamanka ne kai kaɗai, aikin dare ba ya ganinsa. Kwafo shi cikin sabar. A akwatin Start in kuma ba a sa alamar zance, idan ka sa za ka samu 0x8007010B.

Shi kansa umarnin akwai abin lura. Idan lokacin `/t` ya wuce sifili, Windows na ɗaukar `/f` kamar ka rubuta shi, wato zai rufe manhajoji da ƙarfi. Amma `/t 0` ba tare da `/f` ba, manhajar da ke buɗe a zaman wani, da takardar da ba a adana ba, tana iya tare hanya. A sabar da mutane ke shiga ta Remote Desktop su rufe taga ba su fita ba, irin wannan zaman ba ya ƙarewa. Idan da PowerShell ka yi, `Stop-Computer` zai ƙi kai tsaye muddin akwai wasu a ciki, sai ka ƙara masa `-Force`. Akwai kuma kuskure mai lamba 1190, wanda ke cewa an riga an tsara wata kashewa. Yana faruwa idan wani ya taɓa buga `shutdown /s /t` da dogon lokaci tana nan tana jira, duk sabon umarni sai a ƙi shi. Ga yadda zan rubuta shi, cmd.exe a akwatin Program, sauran a Arguments:

`/c C:\Windows\System32\shutdown.exe /s /f /t 120 /d p:0:0 /c "Kashewar dare" >> C:\Logs\kashewa.txt 2>&1`

Ka ƙirƙiri foldar Logs tukuna. Amfanin wutsiyar nan shi ne duk ƙorafin da shutdown.exe zai yi zai sauka a fayil maimakon ya bi iska. Wannan ya zama dole musamman don 0x0 ma yana ruɗi. Idan batch ne, lambar da Task Scheduler ke nunawa yawanci ta umarnin ƙarshe ce, shutdown na iya faɗuwa a layi na uku, layi na huɗu ya yi nasara, a rubuta maka komai lafiya.

Mu koma Ubuntu. Tambayar farko: da me ka tsara? Idan abin da ka yi shi ne `sudo shutdown -h 23:00`, to sau ɗaya ne kawai, ba kullum ba. Systemd, mai kula da tashi da tsayawar sabis-sabis a Ubuntu, na ajiye wannan alƙawarin a `/run/systemd/shutdown/scheduled`, kuma duk abin da ke cikin /run yana gogewa idan na'ura ta sake tashi. Zai yi aiki daren farko, shi ke nan. Ko daren farkon ma, idan wani ya sake tayar da sabar da rana, ya tafi.

Idan cron ne, `grep CRON /var/log/syslog` ko `journalctl -u cron` zai nuna ko layin ya gudana. Ka ga layin CMD ƙarfe 23:00, a ƙarƙashinsa "No MTA installed, discarding output"? Fassararsa ita ce umarninka ya yi magana, kusan kullum ƙorafi ne, cron ya nemi aiko maka ta imel bai samu hanya ba ya zubar. Maganar da aka zubar ɗin ita ce amsar tambayarka. Kama ta:

`0 23 * * * /usr/sbin/shutdown -P +2 >> /var/log/kashewa.log 2>&1`

Abin da za ka tarar a fayil ɗin bai cika wuce abu uku ba. Ko "not found", don cron na gargajiya PATH ɗinsa, wato jerin foldodin da yake neman umarni a ciki, `/usr/bin:/bin` ne kawai, shutdown kuwa a sbin yake. Wasu sababbin sigogi sun faɗaɗa shi, amma kada ka dogara da haka, `command -v shutdown` zai ba ka cikakkiyar hanya ka rubuta ta. Ko "Interactive authentication required", don ka sa layin a crontab ɗin asusunka na yau da kullum, ba na root ba. Ko kuma ka sa `sudo` a gaba, shi kuma ya ce yana buƙatar taga don karɓar kalmar sirri. Na biyun da na ukun maganinsu ɗaya: `sudo crontab -e`, ka sa layin a can, ba sudo a cikinsa.

Akwai bambancin da ke rikita hatta waɗanda suka daɗe a aikin. Crontab na asusu filaye biyar ne na lokaci sai umarni. Amma `/etc/crontab` da fayilolin `/etc/cron.d` suna da fili na shida, sunan asusun da zai gudanar. Ka kwafo layi mai "root" daga can ka liƙa a `crontab -e`, cron zai nemi gudanar da wata manhaja mai suna root, ka samu "root: not found". Ka yi akasin haka, layin ba zai karɓu ba. A Debian da Ubuntu kuma, fayil a `/etc/cron.d` mai ɗigo a sunansa, kamar kashewa.sh ko kashewa.cron, ana tsallake shi ne shiru. Alamar % a cikin layin cron ma'anarta sabon layi, don haka `date +%F` zai karya umarnin sai an sa mata \ a gaba. Minti ne ke fara zuwa kafin awa, `23 0` ƙarfe 12:23 na dare ne. Sannan idan ka cika ranar wata da ranar mako duka biyun, cron na gudanarwa idan ɗaya daga ciki ta dace, ba sai duka ba.

Agogo ma a duba. `timedatectl` zai nuna yankin lokacin da sabar ke kai, kuma da yawa a UTC ake girka su. Idan ka canza yankin, sake tayar da sabis ɗin cron, in ba haka ba yana iya ci gaba da bin tsohon. Mai amfani da timer na systemd kuma ya buga `systemctl list-timers --all`. Idan naka ba ya cikin jerin, ko ba shi da lokaci na gaba, galibi fayil ɗin .service aka kunna aka bar na .timer. `systemd-analyze calendar "*-*-* 23:00:00"` zai faɗa maka yadda systemd ya fahimci abin da ka rubuta. `systemd-inhibit --list` kuma yana nuna manhajojin da suka riƙe kashewa ko suka nemi a jinkirta, kamar mai sabunta manhajoji idan yana tsakiyar aiki.

To, idan log ya nuna an karɓi umarni amma wutar ba ta yanke ba fa? A nan akwai abin da ya dace da yanayinka sosai, don ka sa wa sabobin biyu lokaci ɗaya. Shin Ubuntu na amfani da wata folda da ke kan Windows ɗin, ta CIFS ko NFS, hanyoyin raba folda ta netwok? Idan eh, ga abin da ke faruwa: ƙarfe 11 duka suka fara, Windows ta riga mutuwa, Ubuntu ta zo sauke foldar ko ƙarasa rubutu a cikinta, babu mai amsawa a ɗaya ɓangaren. NFS da aka ɗora a yanayin hard, wanda shi ne na asali, zai yi ta sake gwadawa ba ya gajiya, manhajar da ke jiransa kuma ta maƙale tana ta jira. Daren da Ubuntu ta riga gamawa kuwa komai zai tafi daidai. Ka ga inda "wani lokaci" zai iya fitowa. Maganin ba wani umarni ba ne, jeri ne: mai dogaro ya fara mutuwa, wanda ake dogaro da shi ya biyo baya da tazarar minti goma ko sha biyar. Idan Windows ɗin ita ce ke riƙe da DNS ko Active Directory, ita ce ta ƙarshe a mutuwa, ta farko a tashi.

Idan ka haɗa allo da Ubuntu a irin wannan hali za ka ga layin "A stop job is running for", da sunan sabis ɗin, da agogo na ƙirgawa zuwa 1min 30s. Daƙiƙa 90 ɗin nan ita ce wa'adin asali da systemd ke ba kowane sabis kafin ya kashe shi da ƙarfi. Jinkiri ne, ba maƙalewa ba, sai dai idan ka ga "no limit" a wurin wa'adin, alamar an sa wa sabis ɗin `TimeoutStopSec=infinity`. Ko a haka, poweroff.target na da nasa wa'adin na minti 30, bayansa a tilasta kashewa. Sabar da ta kai safe a maƙale ke nan matsalarta ta gangara ƙasa da systemd, wajen kernel, direba ko faifai. Karanta ƙarshen zaman da ya wuce da `journalctl -b -1 -e`. Idan ya ce babu wani zama da ya wuce, ƙirƙiri foldar `/var/log/journal` don log ya riƙa tsallake mutuwa. Layukan ƙarshe-ƙarshe ba sa shiga log don an riga an rufe faifai, sai dai ka ɗauki hoton allon. Idan abin da ke rubuce shi ne "System halted", sabar ta gama duk aikinta, an dai ce mata ta tsaya ne ba ta yanke wuta ba. Umarnin `halt` da `shutdown -H` haka suke yi a systemd. Yi amfani da `poweroff` ko `-P`. Idan kuma wani ya taɓa sa `acpi=off` a layin kernel don gyara wata matsala, na'urar ta rasa hanyar yanke wa kanta wuta.

A Windows alamar maƙalewa ita ce 1074 ƙarfe 11, sai da safe 41 da 6008 bayan wani ya danne maɓalli. Kunna dokar Display highly detailed status messages a Group Policy, allon zai daina nuna "Shutting down" kawai, ya faɗi abin da yake jira. Waɗanda aka fi kamawa su ne sabunta Windows da ke girkuwa lokacin mutuwa, da script na kashewa da aka sa a Group Policy, wanda ake jiransa har daƙiƙa 600 idan ba a canza ba, kuma har abada idan an sa sifili. Dokar share pagefile lokacin mutuwa tana cin lokaci mai yawa a sabar mai babban RAM. Idan akwai Hyper-V, mai gudanar da wasu kwamfutoci a cikin sabar (VM), abin da yake yi na asali shi ne adana halin kowace VM a faifai kafin ya mutu, VM mai RAM na gigabait 64 kuwa ba a rubuta ta a ƙiftawar ido. Za ka ga ana ba da shawarar a rage WaitToKillServiceTimeout a rajistar Windows (Registry) don sabar ta yi saurin mutuwa. Ban yarda da ita ba a kan na'ura mai rumbun bayanai. Wa'adin nan shi ne damar da SQL Server da makamantansa ke da ita su rufe fayilolinsu lafiya, ribar 'yan daƙiƙu ba ta kai haɗarin ba.

Saura wadda ta mutu ta dawo. Lokacin dawowar shi ke tona asirin wanda ya kunna ta. Idan 6005 ta biyo 6006 da minti biyu ko uku, koma ka karanta 1074 da kyau, wataƙila `/r` aka rubuta maimakon `/s`. Idan power off aka nema amma ta sake tashi, nemi lamba 1001 ta BugCheck. Direba na iya faɗuwa a daidai lokacin mutuwa, shuɗin allo ya fito, Windows kuma ya sake tashi kamar yadda aka tsara masa bayan kowace faɗuwa. Ba wanda ya gani don ba kowa a ɗakin. Idan kullum a lokaci ɗaya take tashi, misali ƙarfe 2 daidai, akwai mai jadawali: agogon kunnawa na BIOS, ko manhajar ajiya ko ta sabuntawa da ke aika Wake-on-LAN, saƙon kunna na'ura ta netwok, don ta samu na'urar a kunne. `ethtool eno1`, da sunan katin netwok ɗinka, zai nuna layin Wake-on. Harafin g na nufin tana jiran saƙon tashi na musamman, d a kashe yake. Idan ka ga u ko b, saƙonnin netwok na yau da kullum ma suna iya tayar da ita. Idan kuwa lokacin ba shi da tsari, yau 1:40 gobe 4:15, zargi wuta. Sabar da aka sa wa dokar Always On tana kunna kanta duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, ko da a kashe take kafin nan. Mayar da ita Last State, wanda wasu ke kira Previous.

Ba sai ka yi ta zato ba a nan. `sudo dmidecode -t system` na da layin Wake-up Type, inda za ka ga Power Switch, ko LAN Remote, ko APM Timer, ko AC Power Restored. Ba kowane BIOS ne ke cika shi daidai ba, don haka shaida mafi ƙarfi tana wajen ƙaramar kwamfutar da ke cikin sabar, wadda ba ta barci muddin kebul na jikin soket: iDRAC a Dell, iLO a HPE. Log ɗinsu na rubuta kowace kunnawa da kashewa da lokacinta. `ipmitool chassis status` zai nuna maka Power Restore Policy, `ipmitool sel elist` ya jero abin da ya faru. Idan kuma sabar na cikin cluster, wato rukunin sabobi masu aiki tare, ka sa ta a yanayin gyara kafin kashewa, don wasu tsare-tsaren idan sabis ya ƙi tsayawa lafiya sukan ɗauka na'urar ta lalace su sake tayar da ita da ƙarfi.

Wajen gwaji, danna Run a Task Scheduler bai wadatar ba. Yana gwada asusu da umarni, amma ba ya gwada jadawalin. Zaɓi lokacin da ba kowa a kan sabar, matso da lokacin aikin zuwa minti biyar masu zuwa, ka fita daga asusunka gaba ɗaya, ka tsaya gaban allon ka ga abin da zai faru. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji.

Akwai zaɓi ɗaya da zai ja hankalinka a shafin Settings: Run task as soon as possible after a scheduled start is missed. Takwaransa a timer na systemd shi ne `Persistent=true`. Ga aikin ajiyar bayanai yana da kyau, ga aikin kashewa kuwa kada ka taɓa shi. Ranar da aka kashe sabar da hannu ƙarfe 6 na yamma, ƙarfe 11 za ta wuce tana a kashe. Da safe ka kunna, ta tuna ana bin ta bashin kashewar jiya, ta biya. Windows kan jinkirta irin wannan aikin kamar minti goma, daidai lokacin da mutane suka shiga suka buɗe fayiloli, systemd kuwa da zarar timer ya tashi zai aiwatar. Idan ka riga ka faɗa wannan a Windows, daƙiƙa 120 da muka sa a `/t` ita ce za ta ba ka damar buga `shutdown /a` ka shiga ka cire alamar. A Ubuntu `+2` ɗin nan ne zai ba ka minti biyu na buga `shutdown -c`.